Na sauya TPS amma tsugune ba ta ƙare ba, har yanzu motar tana shaƙuwa

Mai Jar Mota:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Kuka na kawo, domin abin ya kai ni maƙura. Motata ƙaramar motar gudu ce mai kujera biyu, ƙirar 1999, giyar hannu, totur ɗinta na kebul ne. Wata biyu ke nan tana min wani abu. Da safe in na tashe ta lafiya lau, silo daidai, babu ko tari. Sai inji ya ɗauki zafi, kamar bayan rabin awa, in na fito daga kwana a giya ta biyu na taka totur da ƙarfi, sai ta yi wata irin shaƙuwa kamar an ɗauke mata mai na ƙiftawar ido, kaina ya yi gaba, sannan ta fizga ta wuce. Wani lokaci bayan haka in na tsaya sai silo ya maƙale a 1,500, ba ya sauka sai na kashe na sake tayarwa. Kuma ba kullum ba. Sai ta yi kwana uku shiru, rana ɗaya ta yi sau biyar.

Fitilar gargaɗin inji ta kama sau biyu. Da aka sa sikana ta nuna P0122, daga baya P0121. Aka ce sensar totur ce, wato TPS. Na sayo sabuwa aka ɗaura, aka goge lambobin. Kwana huɗu ina murna, a rana ta biyar abin ya dawo kamar ba a taɓa komai ba. Don Allah wanda ya san kan abin nan ya taimaka.

Ɗan Gareji:
Wa alaikumus salam yallaɓai. Jabu aka sayar maka. Sensar nan in ba ta asali ba ce ba ta sati. Ka nemo ta kamfani a ɗaura, magana ta ƙare. P0122 ai TPS ne kai tsaye.

Tsohon Direba:
Ni kuma famfon mai nake zargi. Ka ce a kwana take yi. Motocin gudu in mai ya yi ƙasa a tanki, da an sha kwana da ƙarfi sai man ya koma gefe ɗaya, famfo ya zuƙi iska. Na ga wannan ba sau ɗaya ba. Mai nawa ne a tankin lokacin da take yi?

Mai Jar Mota:
Baba, na yi wannan tunanin. Na cika tanki fal, ta yi. Da rabi ma ta yi.

Oga Mai Wayarin:
Ɗan Gareji, ɗana, bari in gyara maka abu ɗaya, domin shi ne ke sa mutane su bar jaki su koma dukan taiki. P0122 ba ta ce sensa ta lalace ba. Abin da ta ce shi ne ƙwaƙwalwar mota, wato kwamfutar da ke sarrafa inji, ta ga wutar da ke zuwa mata daga layin TPS ta faɗi ƙasa da yadda ya kamata. Ƙwaƙwalwar ba ta da ido, ba ta ganin sensa, abin da ya iso bakin ƙofarta kawai take aunawa. Tsakanin sensa da ita akwai soket, akwai wayoyi uku, akwai wani soket ɗin. Ko ina a wannan hanya aka samu yankewa, lamba ɗaya za ta rubuta.

Irin wannan sensa ta mota mai kebul abu ne mai sauƙi. A ciki akwai wani siririn layi na kabon mai lanƙwasa, da ɗan yatsan ƙarfe da ke goga a kansa yayin da faifan maƙoshin inji ke buɗewa. Waya ɗaya tana kawo volt 5 daga ƙwaƙwalwa, ɗaya ta ƙasa ce, ta uku ita ke mayar da saƙo. Totur a rufe za ka ga wajen rabin volt, a wasu motocin ya kusa volt 1. Ka taka har ƙasa ya haura wajen volt 4.5. To in wayar saƙo ta yanke, a yawancin motoci sai ya faɗi sifili, a samu P0122. In wayar volt 5 ce ta yanke, haka ma. In ta ƙasa ce ta yanke, sai saƙon ya haura sama, a samu P0123. Ka ga tun daga lambar ma mun rage waɗanda ake tuhuma.

Mai Jar Mota, tambaya biyu. Tsohuwar sensar tana hannunka? Kuma kafin a goge lambobin, an duba bayanan da ƙwaƙwalwa ta adana na daidai lokacin da abin ya faru?

Mai Jar Mota:
Oga, tsohuwar tana nan a but. Na farkon an goge ban gani ba, amma jiya fitilar ta sake kamawa, ban bari an taɓa ba. Ina da ƙaramar sikana da nake haɗawa da wayar hannu. Ga abin da ta nuna: P0122, juyawar inji 4,300, zafin ruwa digiri 92, gudu kilomita 55, nauyin aikin inji kashi 81 cikin ɗari, buɗewar totur sifili.

Injiniya:
Madalla da ba ka goge ba. Ku dubi lambobin nan biyu na ƙarshe. Inji yana zuƙar iska kamar totur a buɗe sosai, amma layin TPS yana cewa a rufe yake ruf. Ba zai yiwu duka biyun su zama gaskiya ba. Baba Tsohon Direba, wannan ya wanke famfon mai, domin ƙarancin mai ba ya sa karatun totur ya koma sifili. Da famfo ne, da mun fi tsammanin lambar da ke nuna mai ya yi wa iska kaɗan, irin su P0171, ko ta fashin wuta a silinda.

Shaƙuwar ma ta fito fili. Idan ƙwaƙwalwa ta ga totur a rufe alhali inji yana juyawa da sauri, a wurinta direba ya ɗaga ƙafa ne, kuma motocin da ke da allurar mai an tsara su su yanke mai a irin wannan yanayi. Da saƙon ya dawo, sai ta ga kamar an taka totur farat ɗaya daga sifili, ta ƙara mai. Shi ne kanka ya yi gaba, sannan motar ta fizga. P0121 kuma takan fito ne idan ƙwaƙwalwa ta kwatanta abin da TPS ke faɗa da yawan iskar da ke shiga ta ga ba su jitu ba.

Batun silo da ke maƙalewa: akwai motocin da duk lokacin da aka tashe su, suke ɗaukar mafi ƙarancin wutar da suka gani daga TPS a matsayin "totur a rufe". In saƙon ya ɗan zube ƙasa da na ainihi, sai su riƙe wannan. Daga nan ko ka ɗaga ƙafa gaba ɗaya, a wurinsu totur bai gama rufewa ba, sai ka kashe an sake lissafi. Yadda ka ce sai ka kashe ka tayar yake sauka ya yi kama da haka ƙwarai.

Tsohon Direba:
Na yarda Injiniya. Allah ya ƙara basira. Mu zamaninmu kafireto ne, kunne da hanci muke aiki da su.

Ɗan Gareji:
To ai duk maganata kuka dawo. Layin TPS ya faɗi sifili, sensa ce ke bayar da saƙon, sabuwar jabu ce. Oga, da girmanka, mun sha cire sabuwa daga kwali mu tarar ba ta aiki.

Oga Mai Wayarin:
Gaskiya ne ana samun sabuwa marar kyau, ban musa ba. Amma ka yi tunani. Tsohuwa da sabuwa, kamfani daban, shekaru daban, duka su yi ciwo iri ɗaya, a giya ɗaya, sai inji ya yi zafi, sai an taka da ƙarfi? Sannan sensar da ta cinye tana da halinta. Layin kabon yana gogewa ne a wurin da ƙafa ta fi zama, wato ɗan sama da silo, inda ake tafiya a hankali a kan hanya. Mai irin wannan zai ce maka motar tana rawa yana tafiya a natse, ba ya taka komai. Wannan bawan Allah kuwa sai ya taka da ƙarfi take yi. Me ke faruwa in an taka da ƙarfi a ƙaramar giya? Inji yana murɗawa a kan kujerunsa, wato maƙalan roba da ke riƙe shi a jikin mota. Duk wayar da ke tsakanin inji da jikin mota tana jan jiki a lokacin.

Kuma kwana huɗun da ta yi lafiya bayan an sauya sensa, ni shaida ce a wurina. An cire soket an mayar, an motsa wayoyi, abin da ya saki ya ɗan koma mazauninsa. Da jijjiga ta yi aikinta ya sake saki.

Mai Jar Mota, fara da tsohuwar. Ka sa mita a kan ohm tsakanin ƙafar saƙo da ɗaya daga sauran biyun, ka juya ta a hankali daga farko har ƙarshe. In za ka sami mita mai allura ta fi. Allurar ta tafi sumul, kada ta yi tsalle ko ta faɗi. Ka ƙwanƙwasa ta da bayan sukudireba kana kallo.

Mai Jar Mota:
Na yi Oga. Na ari mita mai allura. Na juya ta ya fi sau ashirin, na ƙwanƙwasa, har na hura mata zafi da na'urar busar da gashi kamar yadda na ga ana yi. Allura ko gezau, tana hawa tana sauka sumul. Ashe lafiyarta ƙalau na cire ta.

Sannan na auna a jikin mota da mitar lamba, makulli a kunne inji a kashe: volt 5.01 a waya ɗaya, saƙo 0.56 a rufe, 4.4 a buɗe. Na girgiza wayoyin da hannu, ban ga komai ya canza ba.

Mai Sikana:
Ka fita da motar ka buɗe karatun kai tsaye a sikanarka, ka sa ta zana layin TPS. Za ka gan shi yana faɗuwa.

Injiniya:
Zai iya gani, zai iya rasawa, kuma in bai gani ba kada ya ce layin lafiya yake. Nan ne mutane da yawa ke ɓata. A juyawa 4,300, inji yana zagaye ɗaya cikin milisakan 14. Yankewar da ta ɗauki milisakan 30 ko 50 ta isa ka ji ta a jikinka. Mitar lamba ta yau da kullum tana sabunta abin da ke fuskarta kamar sau uku ko huɗu ne a daƙiƙa, kuma matsakaici take nunawa. Abin zai zo ya wuce tana nuna maka lamba mai kyau. Sikana a motar 1999 ma haka, domin hanyoyin sadarwa na farko na OBD-II, wato tsarin da sikana ke magana da ƙwaƙwalwa ta cikinsa, wanda aka wajabta a Amurka daga motocin 1996, suna da jinkiri. Ɗaya daga cikinsu, wadda ake kira layin K, wajen bit 10,400 kawai take kaiwa a daƙiƙa, kuma tambaya ɗaya amsa ɗaya ake yi. Sai daga motocin 2008 aka wajabta wata hanyar da ake kira CAN a can, mai sauri sosai. In ka zaɓi abu goma sha biyu kana kallo lokaci guda, kowanne sai ya jira layi. Saboda haka in za ka gwada, ka zaɓi TPS shi kaɗai, ko shi da juyawar inji.

Abin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne osiloskof, na'urar da ke zana wuta a allo dubban sau a daƙiƙa. Ko ƙaramar ta hannu mai layi biyu ta wadatar. In babu, a nemi mita mai maɓallin riƙe mafi ƙanƙanta da mafi girman karatu, a bar ta a haɗe a fita da motar. In an dawo aka ga mafi ƙanƙanta ya sauka ƙasa da 0.56 ɗin nan, an kama shi.

Roƙona ɗaya: kada ka tuƙa kana kallon allo. Ka ɗauki mutum ya zauna a gefe ya riƙe na'urar.

Baƙon Zaure:
Ku yi haƙuri in shigo da tawa. Motata ta 2011 ce, ba ta da kebul. Takan rubuta cewa ƙarfin inji ya ragu, ta ƙi wuce wani gudu ko na taka har ƙasa, lambar P2135. In na kashe na jira minti biyu sai ta saki. Ciwo ɗaya ne da na Mai Jar Mota?

Injiniya:
'Yan gida ɗaya ne amma hali daban. A motarka babu abin da ya haɗa ƙafarka da faifan sai waya. Akwai sensa a feda, akwai ƙaramin moto da ke buɗe faifan, kuma saboda tsaro sensar da ke maƙoshin biyu ce a haɗe, kowace da saƙonta. A wasu ɗaya tana hawa ɗaya tana sauka, a wasu ɗaya rabin ɗaya ce. Ƙwaƙwalwa tana kwatanta su koyaushe. P2135 na nufin sun saɓa wa juna. Tunda ba ta san wacce ke gaskiya ba, sai ta rage ƙarfi da gangan don kada mota ta gudu da kai. In na feda ne suka saɓa, P2138 za ka gani. Sababbi da yawa ma ba su da yatsan da ke goga, maganaɗisu suke amfani da shi, saboda haka ba su cinyewa kamar na da. Wannan ya sa soket da waya suka fi zama abin zargi. Ka zana saƙonnin biyu tare, ka motsa soket, ka ga wanne ke kaucewa. In ka buɗe sabon zare da bayanan da ta adana za mu bi shi daki-daki, don kada a cakuɗa da wannan.

Oga Mai Wayarin:
Mai Jar Mota, kafin ka nemo na'ura, akwai abubuwan da hannu da ido za su yi.

Cire soket ɗin TPS ka haska ciki da tocila. Ka nemi kore-kore, ko baƙin gari kamar toka a kan ƙafafun. Wutar da ke bin wannan layi 'yar mitsitsiya ce, wajen miliamfiya ɗaya. Layin fitila ko na hon yana da ƙarfin da zai ratsa 'yar tsatsa, wannan ba shi da shi. Jijjiga tana sa ƙarfe biyun su riƙa gogar juna kaɗan-kaɗan har su tara datti a tsakani, kuma motar gudu ta fi kowace jijjiga da zafi a ƙarƙashin bonet. Sannan ka sami ƙafa namiji daidai girman na sensar, ko ka yi amfani da tsohuwar sensar, ka zura a kowane rami ka ji ko yana kamawa. In wani ya shiga ya fita sakwaf, bakinsa ya buɗe. Yawanci masu tura tsinken mita ta gaba ne ke buɗe su.

Abu na biyu, volt 5 ɗin nan a motoci da yawa ba na TPS kaɗai ba ne. Ƙwaƙwalwa tana raba shi da wasu, kamar sensar matsin iska ta manifol ko ta matsin gas ɗin AC. In ɗaya daga cikinsu ta yi shot na ɗan lokaci, sai ta ja kowa ƙasa, TPS ya ɗauki laifi. Don haka in ka sami na'ura mai layi biyu, ɗaya a kan volt 5, ɗaya a kan saƙo. Suka faɗi tare, matsalar tana wajen wutar. Saƙo ya faɗi shi kaɗai, tana kan sensa, soket ko wayar saƙo.

Na uku, ka auna tsakanin wayar ƙasa ta sensa da kan batir na nagetif, inji yana aiki, fitilu da fanka a kunne. Kada ya wuce volt 0.1.

Ɗan Gareji:
Oga, wajen aunawa ni allura nake sokawa a jikin waya, ya fi sauri.

Oga Mai Wayarin:
Ya fi sauri yau. Bayan shekara ruwa ya bi ramin, tagulla ta yi kore a cikin roba, ka haifar wa mai mota irin ciwon da muke nema yanzu. Ka bi ta bayan soket da siririn tsinke, gefen robar da ke toshe ruwa. In dole ta sa ka huda, ka toshe ramin kafin ka rufe bonet.

Mai Jar Mota:
Ga rahoto. Soket tsaf yake, ƙafafu uku duk suna kamawa. Ƙasa ta nuna 0.03. Wani abokina ya zo da ƙaramar osiloskof, muka haɗa ta bayan soket ɗin sensa, layi ɗaya volt 5, ɗaya saƙo, muka fita. Motar ta yi shaƙuwar har sau biyu, amma a allo babu abin da ya motsa. Volt 5 a miƙe, saƙo yana bin ƙafata sumul. Wallahi jikina ya yi sanyi. Ko dai ƙwaƙwalwar ce ta lalace?

Mai Sikana:
Ni ma abin da na fara tunani ke nan. In komai lafiya a sensa, saura ƙwaƙwalwa.

Injiniya:
A'a, kada jikinka ya yi sanyi, wannan babban ci gaba ne. Ka wanke sabuwar sensar da wutarta a lokacin da ciwon yake faruwa, ba a tsaye a gareji ba. Amma a ina ka auna? A bakin sensa. Ita kuwa ƙwaƙwalwa a ɗaya ƙarshen wayar take. Saƙo ya fita lafiya, ba mu san ko ya isa lafiya ba. Ka bar layi ɗaya a bakin sensa, ka kai ɗayan kan wannan wayar dai a bayan soket ɗin ƙwaƙwalwa. Ka nemi zanen wayoyin motarka don ka tabbatar da ƙafar, kada ka dogara da launi kaɗai. In na sensa ya tsaya na ƙwaƙwalwa ya faɗi, waya ce. In duka biyun lafiya amma sikana tana cewa sifili, sannan ne za a fara maganar soket ɗin ƙwaƙwalwa ko ita kanta. Ita ce ta ƙarshe da ake zargi, domin ita ce mafi ƙarancin lalacewa a cikinsu.

Oga Mai Wayarin:
Kuma ba sai kun fita titi ba. Inji ya yi zafi, ka ja birkin hannu sosai, a sa wa tayoyi waigi, bonet a buɗe. Ka sa giya ta ɗaya ka ɗan saki kuloci kana ba ta wuta kaɗan, kamar za ka tashi, na daƙiƙa biyu kawai don kada kuloci ya ƙone. Abokinka ya tsaya a gefe, ba a gaba ba, ya kalli yadda inji ke motsi. Ku gwada da ribas ma.

Mai Jar Mota:
Allahu Akbar! Jama'a an kama shi dumu-dumu.

Mun yi yadda Oga ya ce. Ina sakin kuloci abokina ya daka min tsawa in tsaya. Ya ce inji ya ɗaga ta gefe ɗaya kusan faɗin yatsu biyu. A daidai lokacin layin da ke bakin ƙwaƙwalwa ya faɗi ƙasa tsaye kamar an sare shi, ya dawo, na bakin sensa kuwa bai motsa ba. Muka leƙa da tocila, kujerar inji ta wannan gefen robarta ta rabu biyu, in inji ya zauna ba ka ganin tsagar sai an ɗaga.

Muka bi damin wayoyin daga sensa. Kamar tsawon hannu daga soket akwai wani maƙalin ƙarfe da ya riƙe damin a jikin mota, daga nan zuwa inji wayar a miƙe take ba sassauci. Na warware tef ɗin, robar ta bushe tana karyewa saboda zafi. Wayoyin uku a ido lafiya. Sai na riƙa jan kowace a hankali tsakanin yatsu. Biyu suka ƙi, ta ukun ta miƙe kamar roba a wuri ɗaya, ta sirance. Na yanka wurin da reza. Duk zaren tagullar sun karye, bakinsu ya yi baƙi, suna taɓa juna ne kawai saboda robar ta riƙe su. Shi ya sa da na girgiza da hannu ban ga komai ba, ina girgiza kusa da soket ne, kuma inji a sanyi.

Ɗan Gareji:
Na sallama Oga. Da ni ne da na sa shi ya sayi sensa ta uku. Amma ina da tambaya: da an auna wayar da ohm daga ƙarshe zuwa ƙarshe, ba za a gani ba?

Oga Mai Wayarin:
Tambaya mai kyau ɗana. Ba lallai ba. Mota a tsaye, bakin zaren suna taɓa juna, mita za ta yi ƙara ta ce wayar a haɗe take. Ko zare ɗaya ya rage haka za ta ce. In kana zargin waya kuma ba ka da osiloskof, ka cire ta daga ɓangarorin biyu, na sensa da na ƙwaƙwalwa, ka tabbatar ka cire na ƙwaƙwalwa domin volt 12 ba ya shiga wannan ƙafar. Sai ka bi da wutar batir ta cikin wayar zuwa ƙaramin ƙwan fitila, ka bi damin kana lanƙwasawa taƙi bayan taƙi. Inda ƙwan ya yi ƙyafta, nan ne. Ido yana kama ƙyaftawar fitila fiye da yadda yake kama lamba.

Game da miƙewar da ya ji a yatsa, ka riƙe wannan. Tagulla ba ta miƙewa, roba ce ke miƙewa.

Mai Sikana:
Yanzu sai a yi mata dalma a naɗe da tef.

Oga Mai Wayarin:
Ni ba zan sa dalma a wurin ba. Dalma tana bin zaren ta shige ƙarƙashin roba, wurin ya sandare, kuma daidai inda taurin ya ƙare nan waya ke sake karyewa in ana jijjiga. Wannan kuwa wuri ne da ke motsi duk lokacin da aka taka totur. A yanke a ƙara sabon guntu mai kauri ɗaya, a matse da maɗaurin ƙarfe da filaya ta matsewa ta gaskiya, a rufe da robar nan da ke tsukewa da zafi mai gam a ciki. Mahaɗin ya kasance a inda damin ba ya lanƙwasa.

Mai Sikana:
Oga ni shekara da shekaru ina dalma ba wadda ta dawo min.

Injiniya:
Dalmar da aka yi da kyau, aka ɗaure ta inda ba ta motsi, tana daɗewa, ba a musu. Amma ku duba damin wayoyin da ya fito daga masana'anta, ƙafafun soket duk matse su aka yi. A kusa da inji ni ma matsewa zan zaɓa. Abin da ya fi wannan muhimmanci, Mai Jar Mota, sauran wayoyin biyu sun sha irin jan da wannan ta sha, shekaru ɗaya, zafi ɗaya. Ka sauya guntun duka ukun, ka bambanta wuraren mahaɗin don kada su taru su yi ƙullutu. Ka ƙara tsawo kaɗan yadda za a sami sassauci tsakanin maƙalin da inji. Kuma kujerar inji ita ce asalin ciwon, in ba a sauya ta ba sabuwar wayar ma za ta bi sahu. A duba ɗayar da ta giya, domin sun ɗauki nauyin da ba nasu ba.

Mai Jar Mota:
Na dawo bayan sati biyu kamar yadda ya kamata. An sauya kujerun inji biyu, ta giya lafiyarta ƙalau. Wayoyi uku an sa sabon guntu an matse, an sa musu rigar kare zafi, an bar sassauci. Na yi tafiyar kilomita fiye da 600, na nemi abin da gangan a giya ta biyu inji da zafi, babu shaƙuwa ko sau ɗaya, silo yana sauka 800 ya zauna. Na sa sikana jiya, babu lamba ko ta jiran tabbaci. Wani abin da ban zata ba, shigar giya ma ta yi laushi, ashe motsin injin yana taɓa ta.

Oga Mai Wayarin, Injiniya, Baba Tsohon Direba, Allah ya saka da alheri, ya ƙara buɗi. Ɗan Gareji da Mai Sikana ku ma na gode. Saura tambaya ɗaya: in mayar da tsohuwar sensar ta asali, ko in bar sabuwar?

Oga Mai Wayarin:
Amin. Ka bar sabuwar, tunda ka gan ta a allo tana aiki lafiya lokacin da mota ke cikin ciwo. Kada ka sake taɓa soket ɗin ba dalili. Tsohuwar ka sa ta a leda ka rubuta a jiki cewa an gwada ta tana da kyau, ka ajiye a cikin motar.